Mai Facin da Aka Kora daga Layin Taya

A bakin titin da ya fita gari, dab da gada, akwai wata bishiya da ba ta da inuwar kirki. A ƙarƙashinta akwai tarin tsofaffin tayoyi, da injin iska wanda sai ya yi tari sau uku kafin ya tashi, da rabin ganga cike da baƙin ruwa inda ake tsoma tif a nemo huji. Mai wurin dattijo ne gajere mai faɗin kafaɗa, tafin hannunsa ya yi kanta har ba ya jin zafin ƙarfe. Mai Faci kowa ke ce masa, har matarsa idan ya ba ta haushi. Ba shi da saurin dariya, ba shi da saurin aiki. Idan ka kawo masa taya kana sauri, ka kawo wa kanka ɓacin rai, don sai ya juya ta ciki da waje, ya bi ta da yatsa a hankali, kana tsaye kana duba agogo shi ko a jikinsa.

Ba a gindin bishiyar nan ya fara ba. Shekara ashirin da biyu ya yi a layin taya da ke bayan tasha, rumfarsa ce ta uku daga bakin hanya, mai ƙofar ƙarfe da benci biyu. A nan ya yi aure, a nan ya yi 'ya'ya uku, a nan kuma ya raini ƙaninsa, Auta. Mahaifinsu ya rasu Auta bai ma iya ɗaura wando ba, don haka Mai Faci ne ya zame masa uba. Shi ya kai shi makaranta, shi ya dawo da shi da makarantar ta ƙi, shi ya ɗora masa guduma a hannu. Kuma gaskiya Auta ya fi yayansa hannu. Abin da Mai Faci zai yi yana gumi, Auta zai yi yana fito. Mai Faci bai taɓa faɗa masa haka ba, don shi yabo a wurinsa kamar cire haƙori ne, amma yakan faɗa wa matarsa.

Abin da ya raba su wata dabara ce da ta shigo layin. Taya idan ta ci hanya zanenta yakan suɗe, ta yi sumul, kowane direba ya san ta gama aiki. To, sai wani ya gano cewa idan aka gasa siririyar wuƙa a wuta, ana iya bin sawun tsohon zanen a sassaƙa sabo, a goge da baƙin mai, taya ta fito tana ƙyalli kamar ba ta daɗe da barin kanti ba. A ido ba ta da laifi. Amma naman robar ya tafi, tsakanin kwalta da wayar ciki saura ɗan abin da bai fi kaurin fatar takalmi ba. Ka ɗora mata fasinja goma sha takwas da kayansu, ka hau titi da rana tsaka, sai abin da Allah ya yi.

Cikin wata shida kusan kowace rumfa ta sami ɗan murhu a baya. Wanda ya fi kowa iya sassaƙar kuwa Auta ne. Lokacin ya buɗe tasa rumfar, ya yi aure, matarsa na da ciki na fari. Zanensa ba ya karkacewa, har daga wasu rumfuna ake kawo masa aiki.

Mai Faci ya ce shi ba da shi ba. Da ya tsaya a nan da an bar shi, an ce tsoho ne mai taurin kai, an ci gaba da gaishe shi. Amma wata rana wani direban bas da ake kira Dogo ya zo da taya biyu da ya saya a layin, ya ce a ɗaura masa. Mai Faci ya juya su, ya dube shi.

“Kawo hannunka,” ya ce.

“Hannuna kuma, Baba?”

“Sa farcenka cikin zanen nan, ka ja. Me ka ji?”

“Kamar kaushi-kaushi.”

“Sawun wuƙa ne. Zanen da ya fito daga kamfani ƙasansa sumul yake. Danna nan. Wannan abin da ya soke ka waya ce. Ni ba zan ɗaura maka ba, ka mayar musu.”

Kafin sati ya zagayo rabin direbobin tasha sun koyi sa farce. Kasuwa ta yi sanyi, layi ya ɗauki zafi. Shugaban ƙungiyar masu taya ya kira taro, aka zaunar da Mai Faci a tsakiya kamar wanda aka kama da akuyar mutane. Aka ce ya tona asirin sana'a, ya zubar wa 'yan uwansa abinci. Aka ce ya ba da haƙuri, ya kama bakinsa, magana ta wuce. Shi kuwa ya miƙe ya ce shi Kirista ne, ba zai tsaya gaban Allah ran Lahadi da hannun da ya tura mutane rami ran Asabar ba. Wannan gaskiya ce. Amma bai tsaya nan ba, don Mai Faci idan bakinsa ya buɗe ba ya da birki. Ya kira su mahauta, ya kira Shugaba da sunan da ba zai maimaitu ba. Aka ɗaga hannu, kowa ya ɗaga a kore shi, har da Auta.

Washegari aka zo fitar masa da kaya. Injin iskan nauyi gare shi, sai mutum biyu, kuma Shugaba da gangan ya sa Auta ya kama gefe ɗaya. Da suka dire shi a bakin kwalta, Auta ya ƙi ɗaga kai. Mai Faci ya matso har yana jin numfashinsa.

“Ni na koya wa hannun nan aiki,” ya ce. “Ranar da ya kashe mutum, kada ka zo ƙofata.”

Ya faɗa, kuma tun kafin ya isa gida ya so a ce bai faɗa ba. Amma bai koma ba, Auta ma bai zo ba. Haka suka yi shekara tara a gari ɗaya.

Korar ba ta tsaya a layi ba. Duk inda ya kafa injinsa sai a zo a ce wurin na wani ne. Masu sayar da gam da faci suka daina sayar masa, sai ya aika a sayo daga wani gari. Sau biyu yana zuwa da safe ya tarar an yayyanka masa tiyo. Aka baza cewa facinsa ba ya kwana, aka ce ya taɓu. Har a coci, 'yan layin da suke zama benci ɗaya da shi suka koma can gaba, matansu suka daina kai wa matarsa ɗinki, ita da keken ɗinkinta ke riƙe da rabin gidan. Da ƙyar ya sami gindin bishiyar nan, wurin da babu wanda ya yi sha'awarsa balle ya kore shi.

A shekarar korar ce Fasto ya yi wa'azi a kan koyarwar Yesu cewa wanda aka tsananta wa saboda adalci mai albarka ne, har ma ya kamata ya yi murna. Mai Faci ya zauna ya gyara wuyan riga, yana satar kallon benci na gaba ko sun ji. Ya dawo gida da ƙarfinsa.

“Maman yara, kin ji dai da kunnenki. Da ni ake.”

Matarsa tana zura zare a allura, ba ta ko ɗago ba. “Na ji. Sai dai ban ji inda aka ce mai albarka ne wanda ya zagi uwar Shugaba ba.”

“Ke ba a yin maganar arziki da ke.”

“Rabin tsananin nan na adalci ne, na yarda, kuma ina bayanka har gobe. Ɗaya rabin kuwa bakinka ne ya jawo mana. Sai ka roƙi Allah ya ware maka su.”

Duk da haka ya zauna jiran albarka, kuma ya riga ya san kamarta: rumfa mai ƙofa biyu, motoci a jere, 'yan layi su zo suna sunkuyar da kai. Shekara ta wuce, biyu, biyar. Abin da ya zo masa shi ne ciwon baya da 'yan direbobi kamar goma da ba sa kai tayarsu ko'ina sai wurinsa. Murnar da aka ce ya yi kuwa ya neme ta ya rasa. Ya taɓa tambayar Fasto ko albarka tana lalacewa idan mutum bai yi murnar ba. Fasto ya yi dariya ya ce ba madara ba ce.

Akwai abin da bai faɗa wa Fasto ba, bai faɗa wa matarsa ba. Duk lokacin da aka ce an yi hatsari, sai ya ji kunnensa ya miƙe, yana son ya ji ko taya ce ta fashe. Wani sashe na zuciyarsa yana so a ce ita ce, don gari ya san wa ke da gaskiya. Nan take kuma sai ya janye fatan, don ya san idan taya ce, mai yiwuwa hannun Auta ne, kuma ya san abin da tasha ke yi wa mutum idan jini ya zuba. Gaskiyarsa ba ta da hanyar fitowa sai ta kan gawar wasu, wataƙila har da ta ƙaninsa, wanda shi da bakinsa ya rufe wa ƙofa. Wannan ya fi korar ci masa rai. Kullum yakan roƙi Allah ya tsare yaron, ko da yake yaron ya kusa arba'in.

Ranar ta zo wata Talata, rana ta take tsaka. Yana cikin fitar da ƙusa daga tayar wani babur sai motoci suka fara wucewa a guje, ɗaya da mutane kwance a baya. Mai babur ya amsa waya, ya ce bas ce ta faɗa rami bayan gada, tayar gaba ta yi bindiga, an ce mutum shida sun mutu. Wani mai wucewa ya ce goma. Mai Faci ya ajiye filaya, ya zauna a kan taya, ya ji ba abin da yake so a duniya sai a ce ba haka ba ne.

Ba a yi awa ɗaya ba ya ji motsi a bayan tarin tayoyi. Auta ne, ba takalmi, riga a yage, jini na bin gefen kunnensa. Ya biyo ta bayan gidaje da kwatami. Ya yi furfura a gemu, abin da Mai Faci bai sani ba. Ya tsaya nesa kaɗan, kamar mai jiran a kore shi.

“Yaya,” ya ce. “Tayar tawa ce. Jiya na sayar wa direban.”

Mai Faci ya buɗe baki, kuma a karo na farko a rayuwarsa bakin ya yi abin kirki.

“Shiga bayan gangar nan ka zauna. Kada ka motsa.”

Ba a jima ba masu neman Auta suka iso cikin bas biyu, sun fi mutum talatin, direbobi da kwandastoci da 'yan uwan fasinja, wasu da sanduna, wasu da ƙarfen jak. Ɗaya yana riƙe da galan, kuma ba ruwa ne a ciki ba. Wani ya sunkuya ya ɗauki taya daga tarin. Mai Faci ya tsaya a gabansu.

“Ajiye min tayata,” ya ce. Mutumin ya yi turus, ya ajiye.

Dogo ne a gaba, idonsa jawur, don direban da ya faɗi abokinsa ne. “Baba, an ga ya yo nan. Yana nan?”

Da ya ce ba ya nan, da wataƙila sun wuce, don babu wanda zai zaci Mai Faci zai ɓoye mai sassaƙa. Ya san haka sarai.

“Yana nan,” ya ce.

Wuri ya kaure da ihu. Dogo ya ɗaga hannu. “Shi ya sassaƙa ta?”

“Shi ne. Ya faɗa min da bakinsa.”

“To ba mu shi.”

“Ba zan ba ku ba. Ƙanina ne. Ya yi laifi, kuma zai amsa shi a gaban hukuma, ni zan kai shi da ƙafata yanzun nan. Amma ba wanda zai ƙona min ɗan uwa a gabana. Kai Dogo, shekara tara ke nan da na kama farcenka na nuna maka. Ku duka kun san yadda ake ganewa. Kuna sayen ta don ta fi araha, kuna cewa Allah zai tsare. Ni na faɗa aka kore ni, wa ya biyo ni a cikinku ya ce sannu? Yau ne kuka san taya tana kisa?”

“Zai gudu!” wani ya ce daga baya. “Wayo ne, tsohon zai sake shi!”

Dogo ya juya ya dubi mai maganar.

“Kai yaushe ka zo tasha?” ya ce. “Mutumin nan rumfarsa ya bari don kada ya yi min ƙarya a kan taya biyu. Yanzu ma da ya ce ba ya nan da mun tafi. Idan ya ce zai kai shi, zai kai shi.” Ya karɓe galan daga hannun mai riƙe da shi. “A motata za a tafi. Wanda ya taɓa shi a hanya, ni ya taɓa.”

Ba kowa ya so ba. An yi ta zage-zage, wani ya jefi gangar da dutse. Amma tsofaffin direbobin nan goma suka zagaye Auta, aka sa shi a bas tsakanin yayansa da taga. Mai Faci ya dafa masa gwiwa, ya bar hannun a nan duk hanya.

Suna zaune a bencin ofishin 'yan sanda wayar Dogo ta yi ƙara. Daga asibiti ne. Ya saurara, ya ce a sake faɗa masa, ya saurara kuma. Babu wanda ya mutu. Direba ya karye a hannu, wata mata ta karye a ƙafa, saura raunuka ne da ɗinki. Gawawwaki goman nan duk a bakin mutane aka haife su. Auta ya kife fuska a cinya ya fashe da kuka kamar ƙaramin yaro. Mai Faci kuwa ya ji wani abu da ya shekara tara a ƙirjinsa ya sauka. Ya yi ta cewa na gode, na gode, bai ma san a fili yake faɗa ba.

A kan bencin nan ya fahimci abin da aka ajiye masa. Da yana cikin layi, da murhu a bayan rumfarsa kamar kowa, da maganarsa ba ta tsayar da ko kaza ba a ranar nan. Shekarun da ya yi a rana, da tiyon da aka yanka, da bencin coci da aka gudar masa, su ne suka sa mutum talatin masu galan suka tsaya da ya ce a tsaya. Bai ce wannan ce dukan albarkar da ake nufi ba, ya bar wa Fasto wannan. Shi dai ya san ya roƙi rumfa, an ba shi ƙaninsa da rai, kuma bai ga an cuce shi ba.

Auta ya yi wata takwas a gidan yari. An rushe murahun layin, wasu sun sake ginawa daga baya, don mutane ba sa shiryuwa a rana ɗaya. Ba a mayar wa Mai Faci rumfarsa ba, Shugaba bai zo ba da haƙuri ba, kuma har yau yana gindin bishiyar. Sai dai yanzu su biyu ne, suna faɗa a kan komai, Auta na cewa yayansa ya cika nawa, shi kuma yana cewa a bar shi ya duba.

Amma a ranar Talatar, da aka shigar da Auta ciki aka rufe, saura aiki ɗaya. Matar Auta ba ta san ko mijinta na raye ba. Mai Faci ya tambayi kwatancen gidan, abin kunya, gidan ƙaninsa sai da aka yi masa kwatance. Ya isa da la'asar, ya tarar da ita a tsakar gida, mata sun kewaye ta, ta yi kuka har murya ta dushe. Tana ganinsa ta miƙe, ta dafe ƙirji, don ta ɗauka gawa ya zo faɗa.

“Yana nan da ransa,” ya ce tun daga bakin ƙofa. “Na gan shi, na taɓa shi. Kuma ba wanda ya mutu.”

Ta durƙushe a wurin. Wata yarinya 'yar shekara takwas da wani abu ta fito daga ɗaki, ta riƙe zanen uwarta, tana kallon baƙon da baƙin mai a riga. Goshinta irin na gidansu ne sak, har da ɗan gashin da ke tsayawa a gefe.

“Mama, wane ne wannan?”

Uwar ta share ido da bakin zane. “Babanki ne babba. Je ki kawo masa kujera.”

Yarinyar ta jawo kujerar da hannu biyu, ta ajiye a gabansa, ta tsaya tana jira ya zauna. Ya zauna. Sannan ya tambaye ta sunanta.